Ina DJ Zai Ɗora Miks Ɗinsa? Shafin da Ke Kare Ka Daban, Wanda Mutanenka Ke Shiga Daban

 Yau ba zancen sabon fim za mu yi ba, ba kuma wace jaruma ce ta yi aure ba. Zancen masu juya mana kiɗa ne a gidan biki, wato DJ, da inda ya kamata su riƙa ɗora miks ɗinsu a intanet. Kar mai sauraro ya ce ba ruwansa fa, don datarka ce ke ƙonewa, kuma kai ne za ka danna linki ka tarar an ce maka babu.

Abin da ya taso da maganar shi ne, a tsakiyar 2025 Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, ta fitar da gargaɗi ga masu sana'ar DJ cewa duk wanda ya kunna waƙar wani a bainar jama'a ba tare da lasisi ko izini ba, zai iya fuskantar tarar naira miliyan 1 zuwa sama, ko ɗaurin shekara 5, ko duka biyun. Shugaban hukumar, John Asein, ya dogara ne da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, aka kuma nuna wa DJ ƙofar MCSN, ƙungiyar da ke karɓar kuɗi a madadin mawaƙa, cewa can za su je su yi lasisi. Gargaɗin ya fi shafar kunna kiɗa a wurin taro, gaskiya ne. Amma a cikin dokar nan akwai sashe guda a kan intanet, wanda ya ba mai waƙa damar aika takarda a sauke abinsa daga shafi, a kuma dakatar da asusun wanda ya maimaita laifi. A farkon shekarar 2025 kuma ɗaya NCC ɗin, ta layukan waya, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Sunan ne ya zo ɗaya, amma ka ga su biyun sun sa DJ a tsakiya, ɗaya ta riƙe waƙa, ɗaya ta riƙe data.

Kafin a je ga shafukan, bari mu fahimci me ya sa miks ya fi waƙa guda rigima. Miks na awa ɗaya zai iya ɗaukar waƙa 20 ko 30, kuma kowacce da mai ita. Akwai mawaƙi, akwai wanda ya buga kiɗan a situdiyo, in waƙar fim ce sau da yawa furodusa ne ya biya aka yi ta, sannan akwai kamfanin da ya raba ta a intanet. Abin da yake na DJ a ciki shi ne zaɓi da jeri da yadda ya ɗinke wannan waƙa da waccan har ba ka ji ɗinkin ba. Aiki ne babba, wanda ya taɓa ganin fili ya watse saboda an sako waƙar da ba ta dace ba ya san haka. Amma a idon doka kayan ba nasa ba ne. Tela ne da ya ɗinka riga da yadin mutum 30.

Da can wannan bai dami kowa ba a wajenmu, saboda injinan da ke gane waƙa ba su san muryar mawaƙan Hausa ba. Yanzu lamari ya canja. Da yawa daga cikin mawaƙanmu suna ba da waƙoƙinsu ga kamfanonin rabawa irin su DistroKid da TuneCore da ONErpm domin su shiga Spotify da Apple Music, kuma ta irin wannan hanyar ce ake yi wa waƙa rajista a injin YouTube. Mawaƙin zai iya turo maka waƙarsa da hannunsa ta WhatsApp yana cewa don Allah a saka ta a miks, amma injin bai san da wannan zumuncin ba.

To mu fara da shafin da aka gina shi musamman don wannan matsalar, wato Mixcloud. Kamfanin Ingila ne, an kafa shi a 2008, kuma tun farko ya bi hanyar gidan rediyo: yana biyan lasisi, injinsa ya saurari miks ɗinka ya gane waƙoƙin ciki, kuɗi su tafi wajen masu su. Shi ya sa a can za ka zuba Burna Boy da Rema da waƙar Indiya a miks ɗaya ka kwana lafiya, ba wanda zai tashe ka da saƙon an sauke. In ka tambayi DJ na Landan ko Jamus, nan zai fara nuna maka, kuma yana da gaskiya, a garinsu.

A garinmu fa? Abu na farko, Mixcloud ba ya bari mai sauraro ya sauke miks ya zama fayil a wayarsa. Ba rowa ba ce, sharaɗin lasisin ne. Kullum za ka ji sai ka kunna data, in ba ka biya kuɗin wata ba. Wanda yake zaune a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ko direban da zai taso daga Kano zuwa Maiduguri, me zai yi da wannan? Mu fa al'adar jin kiɗanmu ta memori ce da Xender, da zuwa wajen 'yan tura waƙa a cika maka waya. Abin da ba ya turuwa, ba ya yawo.

Abu na biyu ya fi ciwo, kuma ban cika jin ana faɗarsa ba. Mixcloud yana da ƙa'ida cewa kada miks ɗaya ya ɗauki fiye da waƙa 4 na mawaƙi ɗaya, ko fiye da 3 daga album ɗaya. In ka wuce, sai a taƙaita miks ɗin, wasu masu sauraro ba za su iya buɗe shi ba. Yanzu ka tuna wane irin miks ne ya fi tafiya a Arewa. Zafafan Hamisu Breaker. Tsofaffin Nura M Inuwa. Umar M Shareef daga farko har ƙarshe. Ado Gwanja na mata zalla. Wato ainihin kayan da aka fi nema a kasuwarmu su ne ƙa'idar ta hana, matuƙar injin ya gane waƙoƙin. In kuma bai gane su ba, miks ɗin zai wuce, amma kuɗin da ake cewa yana zuwa wa mawaƙi ba shi da adireshin da zai bi. Duk ta inda ka juya akwai gyara.

Sai kuɗi. Tun daga Disambar 2022 asusun kyauta na Mixcloud miks 10 kawai yake bari su zauna a buɗe. In kana son fiye da haka sai ka shiga tsarin biya, wanda suka fito da shi a kan dala 15 a wata. A canjin 2025, da dala take wajen naira 1,500, kuɗin ya haura naira 22,000, kusan kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ga kuma wahalar biya, don tun wajajen 2022 bankuna da yawa suka hana katin naira biyan dala, sai a Yulin 2025 wasu suka fara dawowa da shi. DJ ɗin da bikinsa na Asabar da Lahadi ne, ga hayar sifika ga man janareta, ba na jin wannan lissafin zai fita.

Audiomack shi ne akasin haka kusan ta kowace fuska. An kafa shi a Amurka a 2012, amma Najeriya ta karɓe shi hannu bibbiyu har ya buɗe ofis a Legas a 2020, daga baya ya haɗa kai da MTN suka fitar da data ta musamman don manhajar. Ɗora kaya kyauta ne, ba a ƙirga maka awa, kuma mai sauraro zai iya ajiye abu a cikin manhajar ya ji ba data. Duba wayar ƙaninka yanzu, da wuya ka rasa shi a ciki. Wannan kaɗai ya isa hujja, don kifi a ruwa ake nemansa.

Sai dai kar a ruɗe mu. Audiomack bai saya wa miks ɗinka kariya irin ta Mixcloud ba. Lokacin da ka danna ɗorawa, ka amince ne cewa kana da haƙƙin abin da ka ɗora. In mai waƙa ɗaya cikin 30 ɗin nan ya kai ƙara, ko inji ya kama, za a iya sauke miks ɗin gaba ɗaya tare da duk adadin saurarensa, in abin ya yi yawa asusun ma ya tafi. Kuma ajiyar da ake yi a cikin manhaja take zama, ba fayil ba ne da za ka tura wa abokinka ko ka sa a filash ɗin mota. Shi ya sa za ka ga mutum yana da miks a Audiomack amma yana bin DJ yana cewa a turo masa ta WhatsApp.

YouTube kuwa, nan ne idon duniya yake. Bahaushen da ke Saudiyya ko Libiya, da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Kumasi, in suna neman kiɗan gida nan suke fara rubutawa. Injinsa, Content ID, tun 2007 yake aiki kuma ba ya barci. Ya kamata a bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai kamun inji, inda za a ce waƙa kaza ta wane ce. Yawanci bidiyon yana nan, sai dai kuɗin talla su tafi wajen mai waƙar, ko a toshe shi a wasu ƙasashe, wani lokaci ma a duniya baki ɗaya. Wannan ba ya kashe tasha. Akwai kuma ƙarar da mai waƙa ya shigar da kansa a sauke bidiyo, ita ce jan kati, in suka taru guda 3 an rufe tashar da duk abin da ke cikinta. Masu cewa za su tara mabiya 1,000 da awa 4,000 da miks don su fara cin kuɗin YouTube, su sani dogon miks yana tara awa da sauri, amma dala ta mai waƙa ce. Ga mai sauraro kuma bidiyo ne, ya fi sauti cin data ko da hoto ɗaya aka manna, sannan in ba ka biya ba, kana kashe fuskar waya kiɗan ya tsaya. Awa guda waya na kunne a aljihu, batir ya ce ga garinku nan.

SoundCloud yana da suna a wajen DJ na duniya, kuma yana da abu ɗaya mai daɗi, mai miks zai iya buɗe wa mutane damar saukewa. Amma kyautarsa 'yar kaɗan ce, shekaru da dama awa 3 ya riƙa bayarwa, wato miks uku ka cika. Ya yi ƙaurin suna wajen sauke miks duk da yarjejeniyar da ya ƙulla da manyan kamfanonin waƙa tsakanin 2014 da 2016. Mutanenmu kuma ba su cika shiga ba. Akwai wani na Jamus, hearthis.at, shi ma yana bari a sauke, amma in ka tura wa mutum linkinsa sai ya tambaye ka ko ba 'yan damfara ba ne.

Spotify da Apple Music da Boomplay ba sai mun daɗe a kansu ba, don ba ƙofa ce da kowa zai tura ya shiga da miks ba. Apple ya sanar a 2021 cewa yana amfani da fasahar Shazam ya gane waƙoƙin cikin miks ya biya kowa har da DJ, wanda shi ne tsarin da ya fi adalci da na sani, amma sai ta hannun waɗanda suka ƙulla da su irin su Boiler Room. Masu dabarar ɗora miks a Spotify da sunan shirin hira kuma, ana kamawa ana cirewa.

Saura hanyar da a gaskiya ita ce ke aiki a Arewa ko an so ko ba a so, wato Telegram da WhatsApp. Dukansu suna ɗaukar fayil har 2GB, in ka tura shi a matsayin fayil ba a matsayin sauti ba. Mutum ya sauke sau ɗaya, ya tura wa goma ta Xender, gobe ka ji shi a shagon aski, jibi a Adaidaita Sahu. Ba shafin da zai ba ka wannan gudun. Amma ba shi ne halal a idon doka ba don kawai inji bai gani ba, kuma Telegram yana rufe tashoshi in an kai ƙara. Sannan da zarar fayil ya bar hannunka, ya zama na kowa. Ɗan tura waƙa zai canja masa suna, wani ya yanke farkon ya sa nasa. Dalilin da ya sa DJ ɗinmu suke cika mana kunne da kiran sunansu da lambar waya kowane minti biyu ke nan. Yana ban haushi wallahi, musamman in an sako shi daidai inda waƙa ta yi daɗi, amma shi ne kaɗai hatimin da ba a iya gogewa.

Akwai lissafin da kowane DJ ya kamata ya haddace tunda data ta yi tsada. Miks na awa ɗaya a ingancin 320 yana kai wa 144MB. A 192 kusan 86MB ne. A 128 kuma bai kai 60MB ba. A sifikar waya ko ƙaramar MP ta Bluetooth, mutum nawa ne za su bambance 128 da 320? Kaɗan ne ƙwarai. Amma kowa zai bambance 58MB da 144MB in ya duba abin da ya rage masa. Ka fitar da babban ka ajiye don manyan sifiku, ka ba jama'a ƙaramin.

Na ce ka ajiye, kuma nan ne nake so a tsaya a ji da kyau, don shekarar 2023 ta isa darasi. A ƙarshen Maris ɗinta Zippyshare, wanda tun 2006 ake zuba fayil a cikinsa kyauta, ya rufe, masu shi suka ce kuɗin talla ba ya riƙe shi kuma. Duk linkin da aka taɓa rabawa ya mutu rana ɗaya. A wannan watan ne DatPiff, gidan miksteb na 'yan hip hop ɗin Amurka tun 2005, ya durƙushe, sai daga baya aka kwashe kayansa zuwa Internet Archive. A watan Mayu kuma Spinrilla, wani shafin miksteb, ya sha kaye a shari'ar da manyan kamfanonin waƙa suka yi da shi, ya amince da biyan dala miliyan 50 ya kuma rufe. Uku a cikin wata uku. Kafin nan, a 2019 MySpace ya amsa cewa ya ɓatar da waƙoƙi kusan miliyan 50 da aka ɗora tsakanin 2003 da 2015 wajen canja ma'ajiya. Shi kansa SoundCloud a 2017 sai da ya sallami kashi 40 cikin 100 na ma'aikatansa, aka zuba masa kusan dala miliyan 170 kafin ya miƙe. Waɗannan fa ba ƙananan shafuka ba ne irin na unguwa. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da ake yi.

To wanne za a zaɓa? Ni dai a ganina tambayar ce aka yi ta a karkace, don aiki uku ne ake so shafi ɗaya ya yi, kuma ba wanda yake yin su duka. In jama'a kake nema, Audiomack ne, ka shiga da sanin cewa haya kake ba gidanka ba ne. In kana son wurin da za ka nuna wa mai otal ko mai shirya taro a Abuja aikinka ba tare da fargabar linki ya mutu ba, guraben kyauta 10 na Mixcloud sun ishe ka, ka zuba mafi kyawu, masu gauraye da mawaƙa daban-daban. Ajiya kuma taka ce: Google Drive yana ba da 15GB kyauta, wanda zai ɗauki miks kusan 100 a babban inganci, ka ƙara da filash ko hadis a gida. YouTube ka ɗauke shi allon talla, ba wurin samun kuɗi ba. Biyan dala kowane wata kuwa, sai ranar da miks ya fara kawo maka bikin da zai biya shi.

Wani zai ce duk wannan na masu saka waƙar Kudu da ta Turawa ne, shi na Hausa zalla yake yi, kuma mawaƙan abokansa ne. A nan ne ma DJ ɗin Arewa yake da damar da na Legas ba shi da ita. Ba za ka iya kiran Wizkid ka nemi izini ba, amma mawaƙin Hausa, musamman mai tasowa, kana iya samunsa a situdiyo a Zoo Road ko ta hannun yaronsa. Izinin baki ba ya hana inji kamawa, takardar MCSN ma injin YouTube ba ya karanta ta, amma mawaƙin da ya yarda zai iya sa kamfanin da ke raba masa waƙa ya saki kamun da aka yi wa bidiyonka. Don haka a nemi yardar a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne mai sunan waƙa da kwanan wata, a kuma tambaye shi kai tsaye ko waƙar tasa ce ko ta furodusan fim ce. Miks ɗin mawaƙa 5 da suka ba ka izini ya fi na mawaƙa 30 da ba su san da kai ba kwanciyar hankali, kuma su biyar ɗin nan su ne za su fara raba maka shi a shafukansu ranar da ya fita.